Ƙwai da gyaɗa ga ɗan wata bakwai: a ba shi ko a jira?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. Yarona watansa bakwai, tun yana ƙarami fatarsa ke bushewa, kumatu da ƙafafu su yi ja, ya yi ta susa har cikin barci. Da muka fara ba shi abinci sai aka ce kada in kuskura in ba shi ƙwai ko kifi ko wani abu mai gyaɗa sai ya shekara uku, wai masu irin fatarsa su alaji ya fi kamawa, wato jiki ya riƙa faɗa da wani abinci. Ni ma aka ce in bar cin su tunda ina shayarwa, har da madara. Na bari, an kwana biyu, fatar na nan yadda take, ni kuma na rame, har jiri nake ji.

Zulai: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ni abin da ya ɗaure mini kai, to me ya rage kike ci?

Hajiya Umma: Wa'alaikumus salam 'yata. Wanda ya faɗa miki batun yaron bai yi ƙarya ba. Cikin jariri bai yi ƙwari ba, a bi shi a sannu. Shekara uku kamar gobe ne, ƙwai ba gudu zai yi ba. Amma ke ki koma cin abincinki, wannan kam ban goyi baya ba. Ina mai shayarwa ina zama da yunwa?

Malam Sabo: Hajiya, Allah ya ƙara girma. A batun uwar ina bayanki, a batun yaron kuwa ki yi mini afuwa. Maganar nan ta jira tana da asali. A shekarar 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ce ta ce yaran da ake jin tsoron alaji zai kama su a jinkirta musu madarar shanu zuwa shekara 1, ƙwai zuwa 2, gyaɗa da kifi zuwa 3. A 2008 suka janye da kansu, don babu hujjar cewa jiran na kare yaro. Janyewar ce ba ta yi nisan da shawarar ta yi ba, shi ya sa har yau ake ta maimaita ta.

Wani likita a Landan, Gideon Lack, shi da abokan aikinsa suka lura da wani abu: 'ya'yan Yahudawa da ke Birtaniya sun fi takwarorinsu na Isra'ila alajin gyaɗa kusan ninki goma. Asali ɗaya, amma na Isra'ila tun ba su shekara ba ake ba su wani abin tsotso mai gyaɗa da ake kira Bamba, na Birtaniya kuwa hana su ake. Sai suka gwada. Jarirai 640, 'yan wata 4 zuwa 11, duk masu ciwon fata mai tsanani ko alajin ƙwai ko duka biyun. Rabi aka riƙa ba su gyaɗa a kai a kai, rabi aka hana su har suka shekara 5. Sakamakon ya fito a 2015: cikin waɗanda aka hana, kusan 17 cikin 100 sun kamu, cikin masu ci, kusan 3 cikin 100.

Hajiya Umma: Malam, mutanen nan yau su ce a bari, gobe su ce a ci. Wanne za mu kama? Jibi ma wata za su zo da ita.

Malam Sabo: Gaskiyarki, sun juya. Sai dai ta farkon galibi zato ce, ba su da ƙwaƙƙwarar hujjar gwaji kafin su faɗa. Ta biyun ƙirga yara aka yi ɗaya bayan ɗaya. Kuma an ci gaba da bin yaran nan har suka kai shekara 12 zuwa sama, a 2024 aka ga kariyar tana nan.

Baban Ikram: Malam Sabo, ka yi a hankali da irin wannan maganar a wuri mai jama'a. Wata za ta karanta ta tashi ta ɗura wa ɗanta gyaɗa yau da daddare. Ni na gani da idona. Ikram tana shekara biyu ta ɗauki ƙwayar kashu a faranti ta tauna. Kafin a ce me, leɓenta ya kumbura, borin jini ya feso mata daga wuya har ciki, ta yi amai. Wannan duk bai tayar mini da hankali ba kamar muryarta. Kuka take amma kukan ya dishe, can ƙasa, tana jan numfashi ana jin fito. A mota ta yi laushi a kafaɗar uwarta. Allah ne ya sa asibitin ba nisa, suna ganinta suka soka mata allura a cinya. Lissafin 17 da 3 ba ya shiga kan mutum a wannan lokacin.

Zulai: Innalillahi. Allah ya tsare gaba Baban Ikram.

Malam Sabo: Amin. Ban raina abin da kuka gani ba wallahi. Amma ka duba, wannan ne karonta na farko da kashu, tana shekara biyu. Jiran bai kare ta ba.

Baban Ikram: Kana nufin laifinmu ne ke nan?

Malam Sabo: Subhanallah, a'a. Ban ce da an ba ta da wuri tabbas da ba ta kamu ba, ko a gwajin nan akwai yaran da suka ci kuma suka kamu.

Anti Ladi: Ku tsaya haka, ku biyun kuna da gaskiya, kowa dai ya riƙe ɓangare ɗaya. Aikina ɗakin yara ne a asibiti, bari in faɗi yadda ake raba abin. Ko a binciken da Malam ya kawo, sai da aka yi wa kowane jariri gwajin fata tukuna, waɗanda gwajinsu ya tashi sosai ba a sa su a ciki ba. Ƙa'idar da hukumar lafiya ta Amurka ta fitar a 2017 ta bi wannan. Yaron da ciwon fatarsa ya yi tsanani, ko aka riga aka san ƙwai na tayar masa, likita zai fara gani kafin gyaɗa ta shiga bakinsa. Mai ɗan ƙaiƙayi kaɗan ko matsakaici, da wanda ba shi da komai, a gida ake fara musu da zarar sun soma cin abinci wajen wata shida.

Maman Hanif, ba zan iya auna tsananin fatar Hanif daga nan ba. Yaron da susa ke hana shi barci, ni zan ce ki kai shi a duba a cikin makon nan, kada ki ce sai wata mai zuwa, don kowane wata da ya wuce ba a fara ba haɗarin ƙaruwa yake. In likita ya ce ki fara, ga yadda ake yi. Da safe, ranar da yaro yake lafiya ƙalau, ba mura ba zazzaɓi, kina gida ba inda za ki. Niƙaƙƙiyar gyaɗa mai laushi cokalin shayi biyu, a dama da ruwan ɗumi ko nononki har ta saki. Ki laƙata masa kaɗan a bakin cokali, ki jira minti goma. In shiru, ki ba shi sauran, ki sa masa ido awa biyu. Ƙwai kuma a dafa shi ya dahu sosai, fari da gwaiduwa, a murƙushe. Sabon abu ɗaya a rana, don in wani abu ya faru a san mai laifi.

Inda aka fi yin sakaci shi ne bayan nan. Uwa ta gwada sau ɗaya, ta ga lafiya, ta ce alhamdulillahi, ta manta har wata huɗu. A kai a kai ake so, kamar sau uku a mako ga gyaɗa. Ƙwayar gyaɗa ɗungurungum kuwa ba a ba yaro sai ya kai shekara 5, wannan batun shaƙewa ne. Inabi ma a tsaga shi a tsaye.

Nura: A duba gyaɗar ma. Wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, gubar da ke cikinta hanta take ci, kuma suya ba ta kashe ta.

Baban Ikram: Anti, da haka aka fara bayani da ban yi magana ba. Ki ƙara musu da alamomin, don ni ranar ban san me nake gani ba.

Anti Ladi: Alaji mai saurin tashi daga 'yan mintuna ne zuwa awa biyu bayan ci. In borin jini ne kawai, ko ɗan kumburin ido ko leɓe, yaro na numfashi lafiya yana wasa, a tsayar da abincin, a ba shi maganin ƙaiƙayi, a kai shi a duba. Ja kaɗan a gefen baki inda tumatir ko lemo ya taɓa, wannan sau da yawa tsami ne ya ci fatar. Amma in murya ta dishe, ko tari ya ƙi tsayawa, ko harshe ya kumbura, ko numfashi na fito, ko yaro ya yi fari fat ya saki jiki, maganinsa ɗaya ne: allurar adirenalin a gefen cinya, nan take. Maganin ƙaiƙayi irin Piriton ba ya buɗe maƙogwaro, kada a zauna jiransa. A kwantar da yaro, in numfashi ya yi masa wuya a zaunar da shi, kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya. In minti biyar ta wuce ba sauƙi ana ƙara ta biyu. Ko ya warware sai an je asibiti, don yakan dawo bayan wasu awanni.

Maman Hanif: Na gode Anti. To ni fa? In koma cin komai?

Anti Ladi: Ki koma yau. Ba a ga hana mai ciki ko mai shayarwa abinci yana kare jariri daga alaji ba. Kin bari, fata ba ta canza ba, amsar ke nan. Inda muke sa uwa ta ajiye madara shi ne jaririn da ake ganin zaren jini da majina a kashinsa, shi ma na mako biyu zuwa huɗu ne, sannan a dawo da ita a gani ko abin zai dawo. Fatar Hanif a fata ake maganinta: mai mai kauri marar turare sau da yawa a rana, wanka da ruwan ɗumi ba mai zafi ba, a rage sabulu, a shafa maganin da likita ya rubuta ba tare da tsoro ba. Kuma ku wanke hannu kafin ku shafa masa mai in kun taɓa abinci. Masana na ganin ta tsagaggiyar fata garkuwar jiki ke fara haɗuwa da ɓurɓushin abinci ta ɗauke shi abokin gaba, alhali in ta baki ya fara shiga sai ta saba da shi. Shi ya sa yaro mai ciwon fata da aka hana shi ci, gida kuma kowa na ci yana ɗaukarsa, ya fi kowa shiga haɗari.

Maman 'Yan Biyu: Ni kuma tawa daban ce. Hassan yawan kumburin ciki yake da zawo. Wani wurin gwaji suka ɗebi jininsa, suka ba ni takarda mai launi-launi, ja da rawaya da kore. Alkama ja, madara ja, ƙwai ja, ayaba, shinkafa, har kaza. Yanzu Hussaini na cin abinci shi yana kallo yana kuka. Wata uku ke nan sikeli bai motsa ba.

Malam Sabo: Duba saman takardar, IgG aka rubuta ko IgE?

Maman 'Yan Biyu: IgG.

Malam Sabo: To ki ninke ta ki ajiye. Wannan sinadarin jiki na yin sa ne ga abin da mutum ya saba ci. Jerin da suka ba ki jerin abincin da Hassan ke ci ne kullum, shi ya sa shinkafa da kaza suka fito. Ƙungiyoyin likitocin alaji na Turai da Amurka da Kanada duk sun ce kada a yi amfani da shi wajen gano alaji. Haka gwajin gashi, da wanda ake riƙe wani ƙarfe a hannu na'ura tana karantawa.

Maman 'Yan Biyu: Amma fa wurin babba ne, da fararen riguna da kwamfutoci. Kuɗi ba kaɗan na biya ba.

Zulai: Ai da kuɗin naki aka sayi kwamfutocin, Yaya.

Anti Ladi: Ko na IgE ɗin, wanda shi ne na gaske, ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai. Yara da yawa gwajinsu na nuna ƙwai ko gyaɗa, kuma suna ci lafiya lau. Labarin abin da ya faru bayan ci shi ne gaba, gwaji na biye, in an rasa tabbas a ba yaro abincin kaɗan-kaɗan a gaban likita. Abin da ke ba ni tsoro a irin na Hassan, yaron da ke cin abu lafiya aka cire masa na tsawon watanni, wani lokaci ranar da aka dawo da shi sai alaji na gaske ya tashi. Ga rama kuma. Ki kai shi asibitin yara da katin awonsa, su tsara miki yadda za a mayar da abincin. Tambaya ɗaya: me yake sha tsakanin abinci?

Maman 'Yan Biyu: Ruwan tuffa na kwali. Tunda aka hana shi madara shi nake ba shi, yana shan kamar kofi huɗu a rana. Da ma can yana sonsa.

Anti Ladi: Zawon da rana yake yi, da dare shiru? Kina ganin guntun karas ko wake a ciki yadda ya haɗiye?

Maman 'Yan Biyu: Wallahi kamar kina gidan.

Anti Ladi: Ruwan tuffa na da nau'in sukarin da hanjin ƙaramin yaro ba ya iya tsotsewa duka. Ragowar na jawo ruwa cikin hanji, ƙwayoyin hanji su ci su saki iska, ga kumburi ga zawo. Tun 2017 likitocin yara na Amurka suka ce ƙasa da shekara 1 kada a ba da ruwan 'ya'yan itace sam, daga 1 zuwa 3 kada ya wuce mililita 120 a rana, rabin ƙaramin kofi ke nan. Ki yanke shi, ki ba shi ruwa da tuffar kanta ya tauna. Duk da haka ki je asibitin, rashin motsin sikeli ba a barinsa.

Nura: Anti, batun madara fa? Ni kaina in na sha cikina ƙugi yake. Ɗana zai gada?

Anti Ladi: Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Naka sukarin madara ne hanji ya rage iya narkarwa, kuma kusan kashi biyu cikin uku na manyan duniya haka suke, abin na zuwa ne a hankali bayan yarinta. Kumburi ne da iska da zawo, ba ya kisa, kuma da yawa suna shan kaɗan ko su sha yogot lafiya. Jariri kuwa da wuya a haife shi da wannan, nonon uwa ma ya fi na saniya wannan sukarin. Yakan same shi na ɗan lokaci bayan gudawa mai tsanani, ya wuce da kansa. Alajin madara shi kuma garkuwar jiki ce ke faɗa da furotin ɗin madarar, ɗan kaɗan ma na iya tayar da shi. Mai alajin madara, madarar da aka cire wa sukari ba ta yi masa amfani, ta akuya ma haka, furotin ɗinsu kusan ɗaya ne. Daɗin abin, yawancin yara na rabuwa da alajin madara da na ƙwai in sun girma. Na gyaɗa ne mai naci, kamar ɗaya cikin biyar ke rabuwa da shi.

Zulai: Tunda an zo kan madara bari in kawo nawa ƙorafin. Abba shekararsa biyu da rabi, ba abin da yake so sai madara da shayi, fida na hannunsa har barci. Sai ya kwana uku bai yi kashi ba. In abin ya taso sai ya ruga bayan ƙofa, ya ɗage a kan yatsun ƙafa, ya harɗe ƙafafu, fuska ta yi ja yana nishi. Na ce yaron nan yunƙuri yake abin ya ƙi fita. Kuma abin haushi sai in ga ruwa-ruwa a wandonsa, to zawo ne ko taurin ciki?

Anti Ladi: Riƙewa yake, ƙanwata. Ya taɓa yin mai tauri ya ji zafi, yanzu tsoro yake ji. Yana riƙewa hanji na ƙara tsotse ruwan, gobe ya fi na yau tauri. Ruwa-ruwan da kike gani sabon kashi ne ke zagaye dunƙulen ya zubo, shi bai ma sani ba, don haka kada a dake shi. In abin ya kai nan gwanda da lemo kaɗai ba sa warware shi. Akwai garin magani da ake damawa a ruwa mai tausasa kashi, likita zai rubuta, kuma watanni ake yi ana sha har tsoron ya fita, masu tsayarwa bayan mako ɗaya su ne ke dawo mana. Ki zaunar da shi a fo minti biyar bayan cin abinci, ƙafafunsa a dafe da ƙasa.

Madarar kuma ki rage ta zuwa kamar rabin lita a rana, a kofi. Ta cika masa ciki, shi ya sa ba ya cin wake da ganye da 'ya'yan itace. Kuma ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba, in ta yi fari a auna jininsa. Madarar shanu ba ta da sinadarin ayon mai ƙara jini sai kaɗan, shayi kuma na hana jiki tsotsar wanda ke cikin abinci. Nama, hanta, ƙwai, wake, a haɗa da lemo ko tumatir.

Zulai: Ganye? Abba? Tofarwa zai yi a fuskata.

Malam Sabo: Ya tofar. Yaro kan buƙaci a kawo masa abu sau goma ko fiye kafin ya karɓa. Kaɗan a gefen faranti, ba lallashi ba tsawa, ke ki ci naki yana gani.

Nura: Sukarin shayin nan ma shi ke sa su rashin ji. Nawa in suka sha alewa gidan kamar kasuwa.

Malam Sabo: Nan ma za mu saɓa. A 1995 an tattara gwaje-gwajen da aka yi, inda yara da iyaye ba su san wa ya sha sukari wa ya sha na bogi ba, ba a ga bambanci a halin yaran ba. Akwai ma na 1994 mai ban dariya: duk yaran ba a ba su sukari ba, amma aka ce wa rabin iyayen mata an ba su. Waɗannan iyayen suka ce 'ya'yansu sun fi ƙiriniya, kuma aka ga sun fi bin su da faɗa.

Nura: Malam ka zo gidana ranar da aka raba alewa ka maimaita wannan.

Malam Sabo: Ranar da ake raba alewa ai ranar taro ce, yara sun haɗu. A rage sukari don haƙori da ƙiba da cushe ciki, waɗannan sun isa hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, in an sauko ƙasa da 5 ya fi.

Hajiya Umma: Na yi shiru ina karatu. Tambayata ɗaya. Mu da muka yi renon 'ya'ya da jikoki, ba mu san wannan alajin da yawa haka ba. Yaro ya yi rarrafe a ƙasa, ya ci abin da ya samu, ya tashi garau. Yanzu an wanke komai an goge, ciwo ya ƙaru. Ku masu karatu me kuka ce?

Malam Sabo: A nan kam masu binciken sun biyo bayanki, Hajiya. A 1989 wani likita a Birtaniya, David Strachan, ya duba yara sama da 17,000 ya ga mai yayye da yawa ya fi tsira daga alajin hanci. A 2016 aka kwatanta wasu al'ummu biyu manoma a Amurka masu asali kusa da juna, Amish da Hutterite. Na farkon yaransu na tashi kusa da shanu da dawaki, na biyun gonakinsu na injina ne nesa da gida. Asma a yaran Amish ta yi ƙasa kusan ninki huɗu. Ana ganin ƙwayoyin halittar da yaro ke haɗuwa da su da wuri, da waɗanda ke zaune a hanjinsa, su ke koya wa garkuwar jiki abin da za ta ƙyale. Nonon uwa ma na ɗauke da wani sukari da jariri ba ya narkarwa, abincin ƙwayoyin hanjinsa ne.

Anti Ladi: Amma kada a ji wannan a bar wanke hannu da tsabtace ruwan sha. Gudawa har yau tana cikin manyan masu kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5. Kuma Hajiya, a da ma akwai yaran da ke tafiya farat ɗaya ba a san dalili ba. Abin da za a rage shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba, kowace mura a sayo, yana share na kirki da na banza. Gudawa ta zo, ORS da zinki na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci.

Hajiya Umma: To kun ga. Amma ki ce a ba ɗan wata bakwai ƙwai, na ji an ce kuma ku kuke hana zuma. Zuma fa!

Anti Ladi: Zuma sai ya cika shekara, Hajiya, bayan nan ya sha abinsa. Wani lokaci tana ɗauke da irin wata ƙwayar cuta wadda hanjin babba ke kashewa, a hanjin jariri kuwa tsirowa take ta saki guba mai kashe jijiya. Yaro ya daina kashi, tsotso ya yi rauni, kuka ya yi rauni, wuya ya saki. Tafasawa ba ta kashe irin. Ba kasafai ake gani ba, amma wanda ya samu har injin numfashi yakan kai shi.

Hajiya Umma: Wannan sai na yi tunani. Ban ce na yarda ba.

Baban Sadik: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ɗana shekara huɗu, ciki ƙato, ƙafafu sirara, kashi mai yawa mai wari, kullum a gajiye, ƙannensa sun kusa kamo shi a tsawo. Matata ta karanta wani abu a Facebook ta ce alkama ce, mu daina ba shi burodi da taliya mu gani. Na ce bari in tambaya tukuna.

Anti Ladi: Gara da ka tambaya. Alamomin nan na iya zama tsutsar ciki ko ƙarancin abinci mai gina jiki ko wani abu daban, kuma suna iya zama cutar siliyak, wadda ke kama kamar mutum 1 cikin 100. A ita furotin ɗin alkama da sha'ir ke sa garkuwar jiki ta cinye shimfiɗar hanji, abinci ya riƙa wucewa ba a tsotsa. Gwajin jininta kuwa sai yaro na cin alkamar yake nunawa. In kuka cire yau, bayan 'yan makonni gwajin zai iya fitowa lafiya alhali cutar na nan, sai an mayar da shi kan alkama na kusan mako shida kafin a sake. Kuma in ita ce, hani ne na har abada, ba a ɗora wa yaro wannan a kan zato. Ku bar abincinsa yadda yake, ku kai shi a auna tsawo da nauyi, a duba kashi da jini, ka ambaci siliyak da bakinka.

Baban Sadik: To Anti. Gwajin sai ba a ci komai ba ake zuwa?

Anti Ladi: A'a. Ya ci burodinsa ku tafi.